Kafin ka sayi hannun jari, tambayi yadda kamfanin ya yi bazara

Maganar hannun jarin nan da ta cika wayoyin matasanmu a Damagaram, ni a ganina abu ne mai kyau, akwai na halas a ciki akwai amfani, kuma ina cikin masu son a ce mutanenmu sun shiga. Amma yadda ake shigarsa yanzu wallahi yana tayar min da hankali, don mafi yawan masu cewa sun sa jari ba su san sunan kamfanin da suka sa wa kuɗin ba, ba su san me yake sayarwa ba, ba su san wa ke riƙe da shi ba, abin da suka sani kawai lamba ce tana hawa a gilashin waya. Ni kuma abin da na tsaya a kai shi ne wanda zai ajiye kuɗinsa shekara 10 ko 15 a hannun jari, kamfanin zai bincika, farashi ya biyo baya, in kuma ba zai iya binciken ba to ya bar kuɗinsa a inda ya sani.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu in aka cire sunayen Faransanci da aka lulluɓe shi da su. Garin nan garin fatauci ne tun zamanin su Malam Yaro da ayarin raƙuma ke bi ta hamada zuwa Tarabulus, kuma har gobe a kasuwar Dole akwai alhazan da ke ba yaransu jari a raba riba, akwai mutum biyu uku da ke haɗa kuɗi su sayi mota ta riƙa jigilar Zinder da Kano. Hannun jari shi ne wannan ɗin, sai dai kamfanin babba ne an yanka mallakarsa gida-gida har miliyoyi, ka sayi gida 10 ko 100, in an ci riba a ba ka rabonka, in an faɗi da kai aka faɗi. To wane alhaji ne zai ba yaro jari bai san gidansu ba, bai san kayan da zai saro ba, bai taɓa ganin littafinsa ba? Babu. Amma da zarar abin ya shigo ta waya sai duk wannan hankalin ya gudu.

Kasuwar hannun jarin da ta shafe mu kai tsaye ita ce BRVM, mazauninta Abijan, ta fara aiki a 1998, kuma ta ƙasashe 8 ne masu amfani da sefa a yammacin Afirka, Nijar na ciki. Kamfanonin da ke cikinta sun haura 40, mafi yawansu na Kodebuwa, sai na Senegal da Burkina da Benin da Togo da Mali, mu kuma Nijar kamfani ɗaya tak gare mu a ciki, bankin BOA Niger. Ba ka saye da kanka, sai ta hannun dillali mai lasisi wanda ake kira SGI, akwai a Yamai, su za su buɗe maka asusu da sunanka da takardunka, kuma akwai hukumar da ke sa musu ido mai suna AMF-UMOA. Wannan shi ne gwaji na farko tun kafin a zo maganar wane kamfani ne mai inganci: wanda ke karɓar kuɗinka, sunansa na cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su? In babu, magana ta ƙare, ko da a masallaci kuka haɗu.

Akwai ɗan ƴar'uwata da ke ɗinki a Sabon Gari, yaro mai hankali mai neman na kansa, ya zo min da waya bayan la'asar yana murna ya ce kawu duba ka gani, jika 50, wato sefa dubu 50, na sa wata biyu da suka wuce, ga shi yanzu ta zama jika 90 da ɗoriya. Na karɓi wayar, shafi ne mai kyau da koren rubutu da hoton jirgin ruwa da tutocin ƙasashe. Na ce ɗana me kamfanin yake sayarwa? Ya ce kasuwanci suke a waje. Na ce wane iri? Ya yi shiru. Na ce ka taɓa cire ko dala? Ya ce sun ce sai ka kawo mutum uku sannan a buɗe maka cirewa, kuma ya riga ya kawo biyu, ɗaya ma abokin aikinsa ne da suke keke ɗaya. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ba kuɗinsa kaɗai ba, amanarsa ce ya jingina. Na ce masa ya je ya faɗa wa mutum biyun nan gaskiya tun yau kafin su ƙara wani abu, ya ce to kawu, amma fuskarsa ta nuna har lokacin yana fatan ni ne ban gane ba.

Kuma ba sabon abu ba ne, mun ga MMM a Najeriya da ta yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 duk wata ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, mun ga CBEX da ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30 ta ɓace a Afrilun 2025. A kasuwar gaske ta BRVM doka ma ba ta bari farashin hannun jari ya hau ko ya sauka fiye da kashi 7.5 cikin 100 a rana ɗaya, kuma rabon ribar da kamfanonin kirki ke bayarwa galibi bai wuce kashi 5 zuwa 10 na kuɗin da ka sa ba, a shekara fa, ba a wata ba. Duk wanda ya riƙe wannan lissafin a kansa ba mai iya ruɗarsa.

To a cikin na gasken, ya ake gane mai inganci? Ni abin da nake fara tambaya shi ne me kamfanin yake sayarwa, kuma mutane za su iya barin sayensa in rayuwa ta yi tsanani? Ɗauki Sonatel na Senegal, kamfanin waya ne da ke aiki da sunan Orange a Senegal da Mali da Gine da Gine Bisau da Saliyo. Kowa ya san halinmu da waya, mutum zai rage cefane ya sa kati, ƴar talla na karɓar kuɗi ta waya, ɗan ci-rani na aiko wa gida ta waya, to kamfanin da ke zaune a kan irin wannan buƙatar cinikinsa ba ya jiran sallah ko kaka. Haka kamfanin wuta CIE da na ruwa SODECI a Kodebuwa, ba wanda zai ce bana na daina shan ruwa. Amma akwai wasu kamar SAPH da SOGB masu gonakin roba, da Palmci mai manja, su ribarsu tana bin farashin duniya ne, shekarar da manja ya yi tsada kamar 2021 da 2022 sai ka ga riba kamar me, in farashi ya sauko ta bi shi. Ba wai kamfanonin banza ba ne, a'a, amma wanda ya duba shekara ɗaya mai kyau ya ɗauka haka za a yi ta tafiya, ya yaudari kansa.

Mu mutanen Zinder ai mun fi kowa sanin wannan ta wajen ruwa. Da damina kowane tafki cike yake, kowace rijiya ka zura guga ta fito da ruwa, ba ka iya bambance ta kirki da ta banza. Sai watan Afrilu da Mayu, lokacin da famfo ya yi kwana da kwanaki bai zo ba ƴan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, a lokacin ake sanin rijiyar da ke da ido. Kamfani ma haka, kada ka tambayi nawa ya samu a shekarar da kowa ya samu, nemo shekarunsa na wahala ka gani, shekarar korona ta 2020, shekarar da aka yi rikici a ƙasarsa, shekarar da kaya suka yi tsada, ya ci riba ko bai ci ba, ya biya masu jari ko ya ba su haƙuri, ya ci bashi don ya rayu ko da kuɗinsa ya tsaya.

Kasuwar BRVM kanta ta yi irin wannan bazarar, daga 2016 har 2020 shekara biyar a jere ma'aunin farashin kamfanoninta gaba ɗaya na sauka, a 2018 kaɗai ta faɗi kusan kashi 30 cikin 100. Sonatel ɗin da nake yabo, farashinsa da ya kai wajen jika 25 ya gangaro har ƙasa da jika 14 a 2020, wato wanda ya saya a sama ya ga kusan rabin kuɗinsa ya tafi a takarda. Amma duk tsawon shekarun nan kamfanin bai daina cin riba ba kuma bai daina rabawa ba, mutane ba su daina kira ba. Wanda ya san abin da ya saya ya zauna yana karɓar rabonsa duk shekara, wanda lamba kawai yake kallo ya sayar da asara ya fita yana tsinuwa. A 2021 kasuwar ta tashi kusan kashi 40 cikin 100, zuwa 2024 Sonatel ya sake haura jika 20. Ba ina cewa je ka sayi Sonatel gobe ba ne, ban san farashin ranar da za ka karanta wannan ba kuma ban san aljihunka ba, ina nuna maka ne cewa haƙurin da ake ta faɗa ba ya yiwuwa sai da sani, mutumin da bai san dalilin da ya sa ya saya ba ba zai iya jure shekara biyar yana ganin kuɗinsa na raguwa ba.

Kuma dogon zango ba ya nufin ka saya ka yi barci. Waye a cikinmu bai riƙe Nokia ba? An yi lokacin da in ka ce waya to ita kake nufi, amma da wayoyin shafa suka zo ba ta yi saurin juyawa ba, zuwa 2014 ta sayar wa Microsoft ɓangaren wayoyinta. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ciyar da dubban gidaje, atamfa mai arha daga Sin da matsalar wuta suka durƙusar da su. Don haka tambaya ta biyu ita ce me zai hana wani ya zo ya ƙwace wa kamfanin nan kasuwa, lasisi ne da ba kowa ke samu ba, ko turakun sadarwa da bututu da sai an kashe biliyoyi kafin a kafa irinsu, ko suna ne da uwar gida ba ta yarda da wani in ba shi ba. In amsar ita ce babu abin da zai hana, to ribar yau aro ce.

Sai littafi, kuma nan ne mutane ke gudu alhali nan ne maganar take. Duk kamfanin da ke kasuwar dole ne ya fitar da lissafinsa, ana sa shi a shafin BRVM kyauta, da Faransanci ne kuma shafukan na da yawa amma abin da kake nema bai wuce layi kaɗan ba. Ka jera shekara biyar a takarda ɗaya da biro. Ciniki yana ƙaruwa ko yana tsaye. Ribar da ta rage bayan an cire komai har haraji, tana bin cinikin ko ciniki na hawa riba na sauka, don in haka ne akwai inda kuɗi ke zurarewa. Sannan bashin da ake bin kamfanin, mu ce yana cin ribar biliyan 5 a shekara amma bankuna na binsa biliyan 60, to wannan bankuna yake yi wa aiki ba kai ba. Sannan abin da ɗan kasuwar Dole zai fi kowa ganewa, bambancin ciniki da kuɗi a hannu, mai shago zai iya cewa yau na yi cinikin jika 200 alhali 150 a littafin bashi suke, kamfanoni ma haka, wani zai rubuta riba mai kyau amma kuɗin na wajen masu saye da ba su biya ba, wani lokaci ma gwamnati ce ba ta biya ba, don haka ka duba layin da ke nuna kuɗin da suka shigo da gaske. Sai rabon riba, shekara nawa yana biya ba fashi, kuma daga ribar yake biya ko yana raba fiye da abin da ya samu don ya burge. Kamfanin da ya ci 100 ya raba 60 ya mayar da 40 cikin aiki ya fi kwanta min a rai a kan wanda ya ci 100 ya raba 120. Wannan duka aikin yamma ɗaya ne ko biyu ga wanda ya yi lakwal, wanda bai yi ba ya sa ɗansa ko ƙaninsa ya karanta masa layi-layi shi kuma ya yi hukunci da hankalinsa na kasuwa, wallahi sau da yawa hukuncinsa zai fi na mai karatun.

Wani kuskure da nake yawan ji shi ne a ce wannan hannun jarin arha ne don dala huɗu ko biyar yake, wato sefa 20 ko 25, wancan tsada ne don jika 20 yake. Na Ecobank ya daɗe ana sayar da guda ƙasa da dala 10, na Sonatel kuma dubbai, amma wannan bai gaya maka komai ba sai yawan gidan da aka yanka kowanne. Abin dubawa shi ne nawa kowane guda ke samarwa. In ka sayi guda a jika 10 kuma ribar da ta faɗo kan gudan nan jika 1 ce a shekara, to shekara 10 ke nan kafin riba ta mayar da kuɗinka, in kuma a jika 30 ka saye shi shekara 30 za ka jira. Kamfani mai kyau in aka saye shi da tsada ya zama ciniki mara kyau, kuma lokacin da kowa ke maganarsa a fada da wajen mai shayi galibi lokacin ne ya fi tsada.

Maganar masu riƙe da kamfanin kuwa, maƙwabtanmu sun biya kuɗin wannan karatun da tsada. Kafin 2008 kasuwar hannun jarin Legas ta yi ta hawa, bankuna na ba mutane bashi don su sayi hannun jarin bankunan kansu, ƴan kasuwa da ma'aikata da ƴan fansho kowa ya shiga. Daga Maris 2008 ta fara gangarowa, cikin shekara guda ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na darajarta, sannan a Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan babban banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ciki har da Oceanic da Intercontinental, saboda abin da aka gano a littattafansu, bankunan da ake ta ba lambar yabo kafin nan. Mu ma a nan dattawanmu ba su manta da BDRN ba, babban bankin ci gaban ƙasa da bashin da ba a biya ba ya kashe a 1990. Abu biyu na ɗauka daga nan, ka san waye babban mai jari a kamfanin da yadda yake mu'amala da ƙanana, yana fitar da lissafi a kan lokaci ko sai an yi ta jira, sannan kada ka taɓa sayen hannun jari da kuɗin bashi, ko na banki ko na adashe da bai zo kanka ba ko kuɗin marayu da aka ba ka ajiya.

Mu da ke bakin iyaka akwai abin da ya shafe mu fiye da mutanen Yamai, wato naira. Da yawa cikin ƴan kasuwarmu Kano ta fi musu kusa da komai, suna da asusu a can, suna jin sunayen Dangote Cement da BUA da MTN suna sha'awa, kuma gaskiya manyan kamfanoni ne masu aiki na zahiri, simintin ma muna ganinsa a gine-ginenmu. Amma kai da sefa kake cefane. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar Amurka da take wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, to ko hannun jarinka ya ninka biyu a naira, in ka kawo wa ɗan canji ya mayar maka sefa sai ka ga ba ka kai inda ka fara ba. Kamfanonin kansu sun ji jiki, MTN Najeriya da duk yawan masu kiransa asara ya bayyana a 2023 da 2024 saboda nauyin da ke kansa na dalar Amurka ne cinikinsa kuma na naira. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, shi ya sa muke jin kamar ba ta motsi, amma wanda ya kai shekarun tunawa ya san Janairun 1994 da aka wayi gari an raba darajarta biyu, kuma mun ga 2023 da takunkumi ya rufe iyakoki ya tsayar da mu'amalar kuɗi, ga kuma maganar kuɗin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, da ake yi. Ni abin da nake cewa kada mutum ya tara komai a kuɗi ɗaya ko ƙasa ɗaya, kuma ya riƙa tambaya kamfanin da wane kuɗi yake sayarwa da wane kuɗi ake binsa bashi.

Yanzu maganar da ta fi komai nauyi a wurin yawancinmu, halas da haram. A BRVM akwai Solibra mai giya, akwai Sitab mai taba, akwai kamfanin cacar Benin da ya shiga a ƙarshen 2024, waɗannan ba sai an tambayi malam ba, komai kyan littafinsu. Sannan bankuna masu ruwa sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku na kasuwar, kuma kamfanin Nijar ɗaya tilo da ke ciki ma banki ne. In ka cire waɗannan abin da ya rage maka ba shi da yawa, kamfanonin waya, wuta da ruwa, mai, abinci, noma, sufuri. Su ma ɗin kusan duka suna da ɗan bashin banki ko ajiya mai ruwa, shi ya sa malaman da suka zauna kan wannan a hukumar AAOIFI ta Bahrain suka sa iyaka, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga da bai halatta ba kada ya wuce kashi 5, kuma wannan ɗan kason ka cire shi daga rabonka ka bayar ba da niyyar lada ba. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassaucin ba gaba ɗaya, kuma ina girmama su. Abin da nake roƙon malamanmu na Birni da Zango da masu wa'azi a rediyo, Allah ya gafarta Malam, a zauna a karanci abin a fito wa mutane da bayani filla-filla har da yadda ake fitar da zakkarsa, don in aka ce komai haram ne aka yi shiru yaran nan ba fasawa suke ba, wajen ƴan damfara suke tafiya, su kuwa ƴan damfarar har aya suke sawa a tallansu. Kuma wani abin lura, sharaɗin ƙarancin bashin nan da shari'a ta sa shi ne dai abin da mai neman kamfani mai inganci yake nema.

Na san wani zai ce duk wannan wahalar ta me, ga fili ga dabbobi ga hatsi a saya da kaka a sayar da bazara. Ba na musu, mutane da yawa a garin nan da haka suka yi arziki kuma wanda ya iya wannan ya riƙe shi da kyau. Amma fili sai kana da miliyan, kuma mun san rigimar fili ɗaya takarda biyu, dabba tana son kiwo da magani kuma shekarar fari ko ɓarawo na iya share garke, hatsi akwai ƙwari akwai shekarar da farashi ke ƙin tashi. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke iya ware jika 10 ko 15 a wata ba su da hanyar shiga fili, amma za su iya tara guda-guda a kamfani huɗu ko biyar masu sana'a daban-daban, in rabon riba ya zo su mayar ciki, shekara 15 ana haka abu ne da zai biya wa yaro jami'a. Sharaɗin kawai kuɗin ya zama wanda ba za ka nema ba nan kusa, wanda ba shi da buhun hatsi a ɗaka da ɗan abin asibiti a gefe bai kai ga wannan maganar ba tukuna. A kuma tambayi dillali kuɗin da yake cira, na saye da na sayarwa da na ajiyar asusu, don mai ƙaramin jari in yana yawan shiga da fita kuɗin dillali kaɗai zai cinye shi. Sannan dan Allah a gaya wa iyali, a ajiye takardu inda za a gani, a Najeriya akwai biliyoyin naira na rabon riba da ba wanda ya zo karɓa, da yawa masu su sun rasu magada ba su ma san da su ba.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma shi ya fi damuna. Jihar Zinder tana cikin mafi yawan jama'a a ƙasar nan, ga kuɗi na yawo tsakanin Magaria da Matameye da Kano kullum, amma wanda ke son sayen hannun jari na gaskiya sai ya nemi Yamai, kusan kilomita 900, da takardu cikin harshen da bai iya ba, shi kuwa ɗan damfara yana cikin wayarsa da Hausa tsantsa. Me zai hana dillalan nan su riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata su zauna a zauren ƴan kasuwa, me zai hana gidajen rediyonmu su ware rabin awa a mako a karanta lissafin kamfani ɗaya da Hausa, me zai hana ɗaliban tattalin arziki na jami'ar André Salifou su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Sannan ga matatar mai ta SORAZ a bakin ƙofarmu kan hanyar Tanout tun 2011, ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin kashi 40 na gwamnati, muna ganin tankokinta na wucewa dare da rana amma ba ɗan Damagaram ɗaya da zai ce yana da ko guda a ciki. Senegal ta sayar wa ƴan ƙasa da ma'aikata wani kaso na Sonatel a ƙarshen shekarun 1990, Burkina ta yi haka da kamfaninta na waya Onatel ya shiga kasuwa a 2009, kuma daga ranar da kamfani ya shiga dole ya riƙa buɗe littafinsa kowa ya gani. Ina so in ga gwamnati ta ware ko kashi 5 ne daga nata kason a irin waɗannan kamfanonin ta sayar wa ƴan ƙasa ta hanyar da doka ta tsara, da iyaka a kan abin da mutum ɗaya zai iya saye don kada manya su kwashe, a kuma buɗe wurin rajista a nan Zinder da Maraɗi da Tawa da Agadas, ba a Yamai kaɗai ba.